Hazon da mura ke bari a kai: yadda za ka bi da shi mataki-mataki

Sati uku da tashina daga wata muguwar mura da ta kwantar da ni a hunturun bara, ina zaune a shago da hantsi sai ga wata yarinya an aiko ta, sukari da madara da ashana, kuɗin kaya dala ɗari da sittin, ta miƙo mini jaka biyu. Na riƙe kuɗin nan ina kallo. Ni da na fi shekara goma ina ba da canji da ka ba tare da na taɓa mashin lissafi ba, ranar nan wallahi kai ya ƙi, na san akwai amsar a ciki amma kamar an sa labule tsakanina da ita. Yarinyar ce ta ce "Baba, jaka guda da dala arba'in ne," na ba ta ta tafi, ni kuma jikina ya yi sanyi. Da la'asar na tsaya salla na rasa raka'a ta nawa nake ciki, kwana biyu bayan nan na hau babur zan je gida a Birni na wuce kwanar gidanmu ban sani ba.

Tari ya tafi, masassara ta tafi, majina ta tsaya, kowa na cewa alhamdulillahi ka ji sauƙi, amma kai bai dawo ba. In kai ma haka kake ji, ko matarka, ko tsohuwarka, to don ku na zauna na rubuta wannan. Ni ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne, amma na yi wata bakwai cikin abin nan kuma ƙanwata ma'aikaciyar asibiti ce, ita ta riƙa riƙe hannuna tana nuna mini abin da ke da tushe da abin da ba ya da shi.

Ni hazo nake kiran shi, don duk ɗan Damagaram ya san hazo. Ranar da ya sauka sosai duwatsun Birni suna nan inda suke ba wanda ya ɗauke su, kai ne dai ba ka hango su. To haka abin yake, ilminka na nan, hankalinka na nan, amma kalmar da kake so ta maƙale a bakin harshe, ka karanta saƙo sau uku ba ka riƙe ba, mutum biyu su yi magana lokaci guda ka rikice, ka shiga ɗaki ka tsaya ba ka san abin da ya kawo ka ba, ga wata gajiya wadda barci ba ya wanke ta.

Kuma abu ne sananne a wurin likitoci. Tun kafin korona an san cewa wasu mutane bayan mura mai ƙarfi suna daɗewa da kasala da rashin natsuwa. Korona ce ta fito da shi fili, don tun da aka samu mutum na farko da ya kamu a Nijar ranar 19 ga Maris 2020, da ma sauran duniya, an yi ta ganin waɗanda suka warke amma ba su koma yadda suke ba. A watan Oktoba 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'anar abin: alamomin da ke nan wata uku bayan fara ciwon, suka ɗauki aƙalla wata biyu, kuma ba a samu wata cuta daban da ta jawo su ba. Cikin manyan alamomin da ta lissafa akwai gajiya, da ƙarancin numfashi, da rikicewar tunani. A Mayu 2023 an cire korona daga matakin gaggawa na duniya amma ƙwayar ba ta bar gari ba, tana yawo cikin sauran murorin da muke sha, kuma yawancinmu nan ba ma yin gwaji, don haka ni kaina ba da sunan korona na yi jinya ba, mura ce kawai aka ce. Abin da masu bincike suka fi mayar da hankali a kai shi ne garkuwar jiki, wato sojojin da suka tashi yaƙi da ƙwayar cutar ba su koma bariki da wuri ba, sai kumburin nan na cikin jiki ya ci gaba yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyin da ke daidaita bugun zuciya. Mafi yawan mutane suna samun sauƙi a hankali cikin watanni, wasu kuma yana kai su fiye da shekara.

Mataki na farko: ka tabbata ba abin gaggawa ba ne

Wannan kada a yi wasa da shi ko kaɗan. Hazon da nake magana a kai a hankali yake, mutum na cikin hayyacinsa, ya san kowa, ya san inda yake. Amma in rikicewar ta zo farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta ɓangare guda ta mutu, ko magana ta sarƙe, ko farfaɗiya, ko ciwon ƙirji, ko numfashi na yankewa kana zaune, to ba zancen jira ba ne, a ɗauki mutum a kai asibiti a take ko tsakar dare ne. Haka in akwai zazzaɓi mai zafi da ciwon kai mai tsanani da wuya ya sanƙare. Mu nan cikin yankin sanƙarau muke, kuma lokacinsa shi ne lokacin ƙura da zafi, daidai lokacin da mura ke yawa, jihar Zinder ma ta sha fama da shi daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023. Tsoho kuma in ya rikice bayan ciwo, yana kiran sunan waɗanda suka rasu ko bai gane ɗakinsa ba, kada a ce tsufa ne, a kai shi a duba ranar.

Mataki na biyu: kaye da bik

Sayi ƙaramin kaye irin na ƴan lakwal. Sati biyu, kullum da dare ka rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa ka kwanta ka tashi, me ka yi da rana, me ka sha na magani da shayi, sannan ka ba kanka maki daga 1 zuwa 10 na yadda kai ya washe. In rubutu na ba ka wahala ka yi da ajami, ko ka ɗauki muryarka a waya minti ɗaya, ko ɗanka ya rubuta maka.

Na raina wannan da farko, ƙanwata ta matsa. Sai da na cika kwana goma sha biyu na ga abin da ido bai gani ba: duk ranar alhamis da nake shiga kasuwar Dole sayen kaya, in yi ta ciniki cikin hayaniya da rana, ranar ba na jin komai, juma'a da yamma zuwa asabar ne nake faɗuwa warwas, maki ya sauka daga 6 zuwa 2. Da ban rubuta ba har abada ba zan haɗa alhamis da asabar ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in ya ɗaga kai ya duba.

Mataki na uku: je ka ga likita, da kayenka a hannu

Dalilin zuwa shi ne akwai cututtuka da yawa masu kawo irin wannan hazo waɗanda ke da magani kai tsaye, kuma asara ce mutum ya zauna yana cewa ragowar mura ce alhali jininsa ne ya yi ƙasa. Fara da asibitin unguwarku, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka gaba har babban asibitin ƙasa na Zinder. Kada ka ce musu "ba na jin daɗi" kawai, ka ba da misali: na kasa lissafin canji, na manta tukunya a wuta sau biyu, yau sati shida ke nan. Ga abubuwan da ya kamata a yi magana a kansu.

Gwajin masassarar cizon sauro, don tana iya lafewa a jiki tana cin jini. Analiz na yawan jini: a ƙa'ida in ya gaza 13 ga namiji, ko 12 ga mace, ko 11 ga mai ciki, to akwai ƙarancin jini, kuma mata masu haihuwa kusa-kusa da masu shayarwa su wannan ya fi kamawa. Awon tansiyo da na sukari. In hali ya yi, gwajin maƙoƙo, wato ƙullutun wuya da ke daidaita ƙarfin jiki, don in ya yi sanyi mutum kan zama mai mantuwa da nauyin jiki da jin sanyi. In tari ya wuce sati biyu, musamman da rama da zufar dare, a gwada majinar ƙirji saboda tarin fuka. Kuma ka faɗi gaskiya in zuciyarka ba daɗi, baƙin ciki da fargaba su ma suna cinye natsuwa, kuma suna da magani.

Akwai wani ɗan gwaji da za ka iya yi a gida in kana jin jiri ko zuciya na dukan uku-uku duk lokacin da ka miƙe. Kwanta minti goma, a ƙirga bugun jijiyar hannunka na minti ɗaya. Tashi tsaye ka jingina da bango, wani na kusa da kai, a sake ƙirgawa bayan minti biyu, da biyar, da goma. In bugun ya ƙaru da 30 ko fiye kuma ya tsaya a sama, rubuta lambobin ka kai wa likita. In ka ji za ka faɗi ka zauna nan take, kada ka yi jarumta.

Wani abu da zai iya ɓata maka rai: ana iya yin duk analiz ɗin nan a ce lafiyarka lau. Ko hoton kai aka ɗauka yawanci ba ya nuna komai a irin wannan, shi ya sa ba na ba kowa shawara ya sayar da akuya don hoton sai in likita ne ya ga dalili. Sakamako mai kyau yana nufin an kore manyan abubuwa ne kawai, ba ya nufin ƙarya kake.

Mataki na huɗu: zazzage ledar magungunanka

Duk abin da kake sha ka zuba a leda ka kai wa likita ko mai farmasi ya gani. Yawancin maganin mura da ake haɗawa akwai kulorfeniramin a ciki, yana busar da hanci amma yana sa barci da nauyin kai har washegari. Siro na tari mai kodin haka. Ƙwayoyin barci haka. Tramol kam ba sai an faɗa ba, na san samari da yawa da suka fara shi da sunan "in samu ƙarfin aiki bayan ciwo" kuma ga inda ya kai su. Ƙwayoyin sa ƙiba da ƴan'uwanmu mata ke sha don su mayar da jikin da ciwo ya cinye, wasu na sa barci, wasu kuma irin su dekzametazon suna hana barci su ɗaga sukari da tansiyo, kuma wanda ya daɗe yana shan wannan ba a yanke shi rana ɗaya, sai da likita. Antibiyotik ba ya kashe ƙwayar mura kuma ba ya wanke kai. Ni dai roƙona, masu tallar magani a tire da bayan keke a bar su a wannan lokacin, ba ka san me ke cikin ƙwayar ba kuma ta sha rana. Har yau babu wata ƙwaya guda da aka tabbatar tana yaye hazon nan, duk wanda ya ce yana da ita kuɗinka yake so.

Mataki na biyar, kuma shi ne uwa uba: auna ƙarfinka kamar ruwan randa

Mu mutanen Zinder ba wanda zai koya mana tattalin ruwa. Ranar da pompo ya ɗauke, bido biyu ne a gida, uwar gida ta san na sha daban, na girki daban, na alwala daban, wanki sai wata rana. Ba ta zubar da rabi da safe tana fatan za a kawo da azahar. To ƙarfin jikinka da na kanka yanzu haka suke, da kana da tanki, yau bido biyu gare ka, kuma tunani ma ɗiban ruwa ne: lissafi, ciniki, gardama, kallon waya, zaman biki, karɓar baƙi, duk daga randa guda suke sha da tafiyar ƙafa.

Abin da ke kayar da mutane shi ne ranar da suka ji dama-dama. Ka tashi kai ya ɗan washe sai ka ce bari in rama duk abin da ya wuce ni, ka je kasuwa, ka je gaisuwar rasuwa, ka zauna fada har sha biyun dare, bayan awa 12 zuwa 48 sai jiki ya karɓi bashinsa, ka kwanta kwana biyu ko uku ka koma baya. Likitoci sun san wannan faɗuwar bayan wahala, kuma duk wanda yake da ita ba a ce masa ya dage ya yi ta motsa jiki da ƙarfi, ƙara masa ciwo ake yi. Ni sau huɗu na yi wannan hawa da faɗuwa kafin in yarda.

Ga yadda na yi. Na duba kaye na ga awa nawa nake iya zaman shago ba tare da na biya bashi bayan kwana biyu ba, ya kama awa uku. Sai na tsaya a nan, har ma na rage kaɗan, ko da ina jin zan iya ƙari. Awa ukun ma ban yi su a jere ba: minti ashirin zuwa talatin na aiki mai buƙatar kai, sannan minti goma na hutu. Hutu kuma na gaskiya, ba ka ɗauki waya ka shiga WhatsApp ba, wannan aiki ne. Ka shiga inuwa, ka rufe ido, ka yi shiru, ka ja numfashi ta hanci a hankali ka sake shi ya fi tsawo. Aikin da ya fi wuya, kamar lissafin bashi da odar kaya, na mayar da shi bayan sallar asuba zuwa hantsi lokacin da kai ya fi haske kuma gari bai yi zafi ba. Sayayyar alhamis na raba ta biyu, ƙanena ya ɗauki rabi. Abu ɗaya a lokaci ɗaya, in ina ƙirga kuɗi rediyo a kashe, mai magana ya jira.

Sai ka yi sati ɗaya zuwa biyu a mataki guda ba faɗuwa kafin ka ƙara, ƙarin ma kaɗan, kamar minti goma sha biyar ko rabin awa. In ka ƙara ka ga maki ya sauka, koma inda kake ba tare da jin ka gaza ba. Tafiyar ƙafa ma haka, na fara da zuwa masallacin unguwa da dawowa, bayan sati biyu na ƙara zagaye ɗaya da sanyin safiya. Sannu ba ta hana zuwa.

Na san mai karatu zai ce, wanda sai ya fita zai ci fa? Ɗan kabu-kabu, mai ga-ruwa, mai dako, matar da ke da yara shida da daka da girki? Wannan tambayar ta fi kowace nauyi kuma ba na raina ta. Abin da zan ce shi ne ko ba ka iya rage yawan aikin, kana iya sauya tsarinsa: a guji tsakar rana, a sa hutun minti goma tsakani, a zauna a yi abin da ake iya yi a zaune, yankan kayan miya, wanke-wanke, har wanka a kan kujera. A kai hatsi inji maimakon daka na ɗan wani lokaci. Kwana uku a kwance ya fi cin kuɗi a kan awa biyu da ka rage da kanka.

Barci, shayi da waya

Babba na buƙatar awa 7 zuwa 9. Tsayar da lokacin kwanciya guda, ka riƙe shi ko ranar hutu. Ƙailula tana da amfani amma kada ta wuce rabin awa, kuma kada ta kai bayan la'asar. Shayinmu na fada mai kauri, wanda ake dafawa har zagaye uku, sinadarin da ke hana barci a cikinsa yana ɗaukar kamar awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, ke nan kofin da ka sha bayan isha'i yana nan yana aiki har tsakar dare. Goro da kofi da lemun kwalba masu sa kuzari duk jirgi ɗaya. Ban ce ka bar fada ba, zama da abokai magani ne, amma ka sha naka kafin azahar, da dare ka je ka yi rabin awa ka tashi. Waya ka ajiye ta awa guda kafin kwanciya. In matarka ta ce kana minshari har numfashi na tsayawa, faɗa wa likita, shi ma yana kawo hazon safe. Da safe kuma ka fita ka sha hasken rana kaɗan.

Ci da sha

A watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce 40, rashin ruwa kaɗai ya isa ya dusashe kai. Duba fitsarinka, in ya yi ja-ja kamar shayi ruwa bai isa ba, ana so ya zama fari-fari. Kada ka ƙara gishiri da kanka don an ce yana maganin jiri, mai hawan jini zai cutu, sai likita ya ce. Abinci ba sai na masu kuɗi ba: hura da nono, wake, ƙwai, ƙuli-ƙuli, kwaɗon zogale, miyar kuka, hanta ko sau ɗaya a sati in an samu. Ɗan lemun tsami ko tumatir ko gwaba tare da abinci yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe mai gina jini, shayi kuma yana hana shi, don haka a bar awa ɗaya ko biyu tsakanin tuwo da shayi. Ni na lura in na cika ciki da rana kai na rufewa gaba ɗaya, sai na koma ci kaɗan-kaɗan sau huɗu. Taba a bar ta, hayaƙin girki da turaren wuta a ɗaki rufe a rage, ranar ƙura a sa takunkumi ko rawani a rufe hanci. In azumi ya same ka cikin wannan hali, tambayi likita ka tambayi malami, addini ya yi wa mara lafiya sauƙi, haka salla a zaune in tsayuwa na sa jiri.

Dabarun da za su riƙe maka rana

Kada ka dogara da ka yanzu, ka fitar da komai waje. Bashi ko na dala biyar ne a rubuta a take. Canji da mashin, kuma ka ƙirga sau biyu gaban mai kaya. In za ka tura kuɗi ta waya karanta lambar da ƙarfi, ka sa wani ya sake dubawa kafin ka danna. Makulli da waya da kuɗi wuri guda kullum, ni ƙusa na buga a bayan ƙofa. Sa ƙararrawar waya don magani da alƙawari. Ƴar'uwa, in kin ɗora tukunya ki sa ƙararrawa ko ki zauna kusa da ita, in kuma ciwon ya tafi da jin ƙanshi to butelin gaz sai wani ya riƙa duba miki, don ba za ki ji warinsa ba in yana zuba. In kalma ta ɓace tsakiyar magana kada ka yi kokawa da ita, ka ce "bari za ta zo," ka ci gaba, yawanci tana dawowa da kanta. Don salla, na fi samun natsuwa a jam'i bayan liman, in ni kaɗai ne kuma na yi shakka sai in yi gini a kan abin da na tabbatar in yi sujadar rafkanuwa kamar yadda malamai suka koyar. Karatu kuma na koma shafi ɗaya bayan asuba, ina maimaita abin da na riga na haddace, a hankali na ga yana zama.

Faɗa wa mutanen gida

Wannan ya yi mini wuya fiye da komai, don ciwon da ba a gani da ido ba shi da mai tausayi. Wani zai ce lalaci ne, wani ya ce sammu ne ko iska, wata gwaggona har ta fara zancen a kai ni wani ƙauye. Na zaunar da maiɗakina da yayana na ce musu: murar nan ta bar mini rauni a kai kamar yadda karaya ke barin ɗingishi, likita ya san da shi, ana warkewa, abin da nake so ku yi mini shi ne ku yi mini magana ɗaya-ɗaya, in na manta ku tuna mini ba da faɗa ba, in na shiga ɗaki na rufe ido a bar ni minti goma. Daga ranar gidan ya canza. Addu'a kam ban taɓa sakinta ba kuma ba zan ce kowa ya saki ba, amma a haɗa da asibiti, kuma duk abin da za a ba ka ka sha wanda ba a san me ke ciki ba, ko hayaƙin da za a turara maka ga ƙirjin da bai gama warkewa ba, ka yi haƙuri ka ƙi. Ma'aikaci ya nemi takardar likita ya kai wa shugabansa a rage masa awoyi na ɗan lokaci, ɗalibi iyaye su je su ga malamansa tun kafin jarrabawa ta matso. In kuma baƙin ciki ya kai ka ga jin rayuwa ba ta da amfani, ko tunanin cutar da kanka, kada ka kwana da shi kai kaɗai, faɗa wa wani na kusa yau ɗin nan ku je asibiti tare.

Yaushe za a koma asibiti

In an kai wata uku ba wani sauƙi, ko abin na ƙaruwa maimakon raguwa, ko wata sabuwar alama ta fito, koma da kayenka. Sauƙin ba ya zuwa a miƙe, sati mai kyau ne sai sati mara kyau, shi ya sa gara ka gwada wannan watan da wanda ya wuce maimakon yau da jiya. Ni a wata na huɗu na fara ba da canji da ka ban ma lura ba, sai yaron shago ne ya ce "Alhaji yau ba ka taɓa mashin ba." A wata na bakwai na koma cikakken wuni. Da wata murar ta sake kama ni bayan nan hazon ya ɗan leƙo na sati biyu, na koma kan awa uku da hutun minti goma, ya wuce.

Babur shi na bari a ƙarshe. Ranar da kai ya yi nauyi ban hawa, in hau adaidaita ko ƙanena ya kai ni, don a titi daƙiƙa ɗaya ta rashin natsuwa ta isa. Sai da na yi sati uku a jere maki bai sauka ƙasa da 7 ba sannan na karɓi makullina, na fara da hanyar gida zuwa shago da safe kawai, ban ɗauki yaro a baya ba sai bayan wani watan.